Tseren A-kori-kura

Baba direban a-kori-kura ne a Kano kafin ya koma ɗaure kwalaye a Xiaobei, wata unguwa a ƙasar Sin. Wata la'asar ya kai ni bayan gari kallon tseren gwaji na motoci irin tasa, bayansu wayam, ko buhu babu. Ƙaurin taya ya cika wurin.

Ya je wajen mai shirya tseren, ya kwatanta murɗa sitiyari, ya nuna ƙirjinsa. Mutumin ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Meyo." Wato babu, da Sinanci.

Baba ya dawo yana murmushi. "Rabu da shi, baɗi da kansu za su neme ni."

Yau ni ke ɗaure kwalayen. Shi yana Kano, ido ya tafi. In na kira, sai ya tambaya ko sun neme shi. Amsar tana bakina, na kasa faɗa.