Askin Wilkin

Miguelina ta bar ayaba a wuta, ta tarar da 'yarta Yuleisi riƙe da almakashi, ko rigar makaranta yarinyar ba ta cire ba. Ga gashin jariri Wilkin zube a ƙasa. A unguwarmu kuwa an yarda cewa yaron da aka aske kafin ya fara magana, bakinsa ba zai buɗe ba.

"Ke 'yar banza! Me ƙanenki ya yi miki?"

"Shi ba ruwansa, Mama."

Uban, Radhamés, ya shigo yana huci. Sakarai ne da ba shi da buri sai ɗansa namiji ya kira shi Baba.

Yuleisi ta dube shi ido cikin ido.

"Ni kullum ina ce maka Baba, ba ka amsawa. To, sai ka jira shi."