Askin Kyauta

Usaini mai aski na Gagarawa Tasha ba ya iya ganin gashi ya yi tsawo ya ƙyale. Ko a masallaci ya hango ƙeyar wani ta yi buzu-buzu, ana sallamewa zai bi shi da, "Malam, a leƙo shago mana." Ban da aski yana taɓa noma, kuma bana duk burinsa yana kan buhu guda na irin gero mai saurin nuna, wanda ya sha wuya kafin ya samo shi wajen mutanen Damagaram a kasuwar Maigatari. Ya jingine shi a ɗakin ajiya, ya ja ƙofa, yana jiran ruwan shuka.

Mai gadin buhun kuwa kyanwa ce, sunanta Kyauta, don kyauta aka ba matarsa Asama'u ita. Tun zuwanta ɓera ko tari bai ƙara yi a gidan ba.

Wata rana kasuwa ta yi sanyi, ba kai ko ɗaya. Usaini na zaune a shagonsa na ƙofar gida yana kaɗa almakashi a iska, sai ga Kyauta ta hau benci ta miƙe. Ya ƙura mata ido.

"Kai! Mace da gashin baki kamar tsohon soja? A gidan mai aski? Wallahi da sake."

Ya cafke ta ya matse a cinya, ƙyas, ƙyas, ya share dama ya share hagu, har da 'yan dogayen nan na saman ido. Don rashin ta-ido har madubi ya nuna mata.

Asama'u na ganinta ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Malam, me baiwar Allah ta yi maka?"

"Gyara na yi mata."

"Allah da ya yi ta da shi ai ba don ado ya yi ba."

"Ke dai tsaya a tuwonki, ki bar wa masu sana'a sana'arsu."

Daga ranar Kyauta ta zama wata iri. Ta tura kai cikin gwangwanin madara ya maƙale, ta riƙa zagaya tsakar gida da shi tana karo da turmi. 'Yar kafar da take bi ta shiga ɗakin ajiya kuwa, sai ta je bakinta ta tsaya, ta yi ta sunsune-sunsune, ta juyo. Ƙarshe ma ta daina zuwa, ta koma kwanciya gindin murhu. Usaini ya ce ai tun da ta yi kyau ta fara yanga.

Ana nan hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ran nan Malam Sha'aibu, malamin dabbobi daga Gumel, ya tsaya aski. An ci rabin kai ke nan sai ya hango Kyauta ta cikin madubi.

"Subhanallahi! Wane mara imanin ne ya yi wa kyanwar nan haka?"

Usaini ya yi gyaran murya. "Yara ne, ranka ya daɗe. Ka san yaran yanzu."

"To sun cuce ta. Wannan gashin ba irin namu ba ne, saiwarsa cike take da jijiyoyi. Da shi take jin motsin iska a cikin duhu, da shi take auna rami ta san ko za ta wuce. Abin da ke dab da hancinta ba ta ganinsa sosai, gashin ne ke gaya mata inda wuyan ɓera yake. Zai sake fitowa, amma sai an yi watanni. Allah dai ya sa ba ku da hatsi a ajiye."

Almakashi ya faɗi ƙasa. Usaini ya bar malamin dabbobi da rabin kai, ya faɗa gida a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Yana tura ƙofar ɗakin ajiya ɓeraye suka watse, wasu ma don ƙiba da kyar suke gudu. Ya ɗaga buhu, buhu ya taso shafal. Gindinsa duk huji ne, abin da ya rage dusa ce da kashin ɓera. Usaini ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu a ka, ya ji kamar ya yi kuka, sai kuma ya yi.

A makon aka yi ruwan shuka. Maƙwabta na gona suna binne iri, shi yana bin gidaje da ƙwarya yana roƙon irin da ya saura. Kafin ya haɗa irin, ƙasa ta sha iska, gonarsa ta fito tsilli-tsilli kamar kan da ɗan koyo ya aske.

Har yau in mutum ya zauna a kujerarsa sai ya ce, "Usaini, a rage sumar, amma a bar mini gashin bakina. Ina da gero a ɗaki."

Jama'a, duk abin da kuka gani a jikin dabba, gashi ne, kunne ne ko hanci, da shi take gane duniyarta. Kada mu taɓa abin da ba mu san aikinsa ba, mu tambayi masana tukuna.