Daminar da Kwaɗi Suka Yi Shiru

A unguwar ba mai kiranta da sunanta. Likitar Kwaɗi ake ce mata, har yara. Ta yi karatu mai zurfi a kan halittun ruwa, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike. Amma abin da maƙwabta suka sani kawai shi ne, ga mace da hankalinta tana sa takalmin roba har gwiwa, ta shiga kududdufin bayan gidaje da kwalabe a hannu.

Yayanta, wanda tela ne kuma shugaban ƙungiyar unguwa, ya fi kowa yi mata ba'a. Yakan ce ƙannen wasu sun yi karatu suna duba mutane, tasa ta ƙare a duba kwaɗo. Auta ce kaɗai, ƙaramar 'yar Yayan, ke ganin girman aikin. Da gwaggonta ta shigo sai ta kumbura kumatu ta yi mata kukan kwaɗo.

Wata damina kududdufin ya cika kamar kullum, amma ya yi tsit. Unguwa ta yi murna, aka ce bana an samu barci. Yaya ya ce marasa lafiyar Likita sun yi hijira.

Ita kuwa tambaya ce ta hana ta sakat. Ruwa na nan, ciyawa na nan, sauro ma ƙaruwa ya yi. To me zai raba kwaɗo da gidansa? A gefen ruwa ta ga ƙwai da ba su ƙyanƙyashe ba, da 'yan talibambam masu karkatacciyar jela suna juyi wuri ɗaya. Ta bi kwatar da ke zuba a kududdufin, ta wuce gidan burodi, ta wuce garejin kanikawa, har ta kai wani fili da aka kewaye da kwano. A ciki wani mutum ke fasa tsofaffin batiran mota, ya zubar da ruwansu a ƙasa, ya narka dalmar ya sayar. Ciyawar bakin kwatar duk ta ƙone.

Tambaya ta haifi tambaya: abin da ƙasa ta sha, ina take kai shi? Rijiyar da rabin unguwa ke sha tana gangaren filin. Ta ɗebi ruwanta ta gwada. Dalma ce a ciki, fiye da abin da jikin yaro zai iya ɗauka.

Ta sami Yaya a kan keken ɗinki, ta yi masa bayani, ta roƙi a rufe rijiyar. Ya sa aka ɗebo ruwan a kofin gilashi, ya ɗaga shi a haske. Garau. Ya kurɓa.

"Tun iyaye da kakanni, da ido da harshe ake gane ruwa," in ji shi. "Ke ruwan da kwaɗo ke wanka a ciki kike so mu sha?"

"Yaya, wannan gubar ba ta da launi, ba ta da wari. Tafasawa ma ba ta fitar da ita."

"To ni dai ba zan tara dattawa in ce musu kwaɗo ne ya aiko ni ba."

A taron unguwa an ba ta dama ne bayan an gama gardamar wurin ajiye motoci, mutane suna ta neman takalmansu. Ta kai rahoto ofishin lafiya, aka ce za a duba. Ta riƙa kai jarkokin ruwan famfo gidan Yaya. Matarsa ta mayar da su na wanki, don na rijiya ya fi sanyi da daɗi.

Kafin kaka yara suka fara ciwon ciki, aka ce tsutsa ce. Auta ta daina cin abinci, ta riƙa faɗuwa ba dalili. Wata safiya jijjiga ta kama ta.

A asibiti likitan yara yana cikin laluben abin da ke damunta sai gwaggon ta nuna masa sakamakon gwajin rijiyar. Aka auna jinin Auta, aka ga dalma. A ranar aka rufe rijiyar, aka rufe filin batir. Likitar Kwaɗi ce ta shiga gaban jami'an lafiya gida-gida, domin ta san duk wanda ke ɗiba a rijiyar. Yaran da aka gano cutarsu da wuri sun warke.

Auta ta rayu, amma gubar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwarta. Magana ta ɗauke.

Daga nan yabo ya zo. Jaridu suka buga labarin, hukuma ta ba ta lambar girmamawa, Yaya da kansa ya ɗinka mata kayan da ta sa ranar taron. Unguwa ta yar da rabin sunan, aka koma Likita kawai. Masu dariyar kwalabe yanzu su ke sallama a ƙofarta da tasu kwalbar, a gwada musu ruwa.

Da damina ta zagayo, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, ta je bakin kududdufin da yamma ta tarar da Yaya tsaye, Auta a kafaɗarsa. Can cikin ciyawa kwaɗo ɗaya ya yi kuka.

"Auta, ji abokinki ya dawo," in ji Yaya. "Yi mana irin nasa mu ji."

Yarinyar ta dube shi. Kumatunta ba su motsa ba.

Mai karatu, ilimin da kake yi wa dariya yau, wataƙila shi ke gadin gidanka. Ka saurari masani tun yana gargaɗi, domin yabon da ya zo bayan ɓarna ba ya mayar da abin da aka rasa.