Ninian Yana Jiran Majalisa

Mai shela ya busa ƙaho a tsakiyar kasuwar Edinburgh, ya ce sarki ya ɗage zaman majalisa sai bazara. Masu sayar da kifi ko kai ba su ɗaga ba. Mun saba. Sarki ne ke kiran majalisa, shi ke ɗage ta, ba kuma mai tambayarsa dalili. Grizel ce kaɗai ta tsaya ta ji shelar har ƙarshe.

Mijinta Ninian, mai gonakin Kilbrannoch, yana ɗakin ƙasa na gidan shari'a tun kaka. An ce ya zare takobi a kan rundunar sarki. Irin wannan laifi majalisa kaɗai ke yanke shi, kuma sai an kawo mai laifin gabanta, manya sun gan shi ido da ido. Kafin nan ba mai fitar da shi. Grizel ta daɗe da cire rai daga gonakin. Su ƙwace in sun ga dama, ita dai a ba ta mijinta ta kai shi gida.

Ɗagewar farko an ce annoba ce. Daga baya aka ce sarki ya tafi farauta. Wannan karon kuwa manyan ƙasa ne suka kasa shirya kansu a kan wanda dokinsa zai shiga gaba ranar hawan majalisa. Abin dariya, in ba kai ke jira ba.

Tsoho Wattie mai tsaron ƙofar gidan shari'a ya miƙe da ya hango Grizel.

“Uwargida, kin ji abin da suka yi mana?”

“Bazara, Wattie. Bazara fa!”

“Na ji da kunnena. Ni dai na riƙe fursunoni iri-iri, ban taɓa samun mai haƙurin mijinki ba. Ko tari ba ya yi min.”

“Bar wasan nan, don Allah.”

Ya tura mata ƙofar. Dama ba ya kulle ta. Shi kansa ya daina sauka tun tuni, wai in ya tsaya a bakin matakala sai ya ji kamar ana sauraron numfashinsa.

Ta sauka ta zauna kusa da Ninian, ta ba shi labarin gida: tumaki sun haihu, mahaifiyarsa kullum tana tambaya yaushe za a kawo shi. Ta taje masa gashi a hankali. Shuɗiyar rigar da ta ɗinka don ranar tsayawa gaban manya ta soma yi masa yawa. Duk garin na tsine wa ƙanƙarar bana, ita kuwa roƙon Allah take kada ta narke.

Washegari ta tare magatakardan fada a ƙofar gidansa.

“Ranka ya daɗe, a zauna ko na rabin yini ne. A yanke masa ko me za a yanke, na yarda.”

Ya ja da baya kaɗan, ya kai ƙyalle hancinsa. “Baiwar Allah, sandar sarki na cikin akwati a kulle. In ba ta fito ba, babu majalisa, ko da manya sun cika zaure. Ki yi haƙuri.”

Haƙurin ne ya ƙare mata a kan hanya. Ta yi kuka har ta iso gidan shari'a, yara na kauce mata.

Ta tarar da Wattie tsaye, buhu a kafaɗa, fuskarsa ba wasa yau.

“Uwargida, kada ki ji haushina. Tunda sai bazara, na ga gara mu yi shiri. Zan daure in sauka tare da ke.”

Ta gyaɗa kai ta shige gaba. Ita ma ta sani, gishirin da aka cusa wa gawar Ninian ranar da aka kwaso ta daga fagen yaƙi ba zai jure zafi ba, sai an ƙara masa da na cikin buhun nan.