Ƙanƙarar da Inna Ke Sayowa

Shekara shida Inna tana shara a wani kantin magani, kuma a nan take sayen allurar insulin ta maigidanta. Tela ne, ciwon suga ya daɗe da kama shi, amma da allurar nan yake taka kekensa yana ciyar da gida.

A ɗakin ajiya na kantin akwai firij na allurai. An maƙala masa wata 'yar na'ura mai doguwar waya, kan wayar yana ciki yana jin sanyi, fuskarta tana waje tana nuna lamba. Idan sanyi ya ragu sai ta yi ƙara, ta kuma aika saƙo zuwa wayar mai kanti. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san lamba huɗu. An ce mata muddin huɗu ce, magani lafiya lau yake. Kullum in ta zo shara sai ta kalle ta, ta ji sanyi a ranta.

Mai kula da ɗakin wani ne da ake kira Ba-Komai, don ko rufi ne ke yoyo a kansa amsarsa ke nan. Mutum ne mai gogaggiyar riga da ƙamshin turare, ga son jiki kamar mage. Wata biyu da suka wuce ya soma aiken Inna sayo ƙanƙara, da safe da kuma dab da tashi. Har tsokanarsa take yi, wai wannan shan sanyi sai ya kashe masa haƙora. Shi kuwa sai ya yi dariya ya shige ciki da ledar.

A cikin watannin nan ne jikin Tela ya rikice. Yana allura kan lokaci, amma awon suga kullum sama yake yi. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Wata 'yar ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, har ya fara wari.

Inna ta ɗora masa laifi. Ta ce a ɓoye yake shan zaƙi a shago. Ya rantse, ta ƙi yarda. Ta bincike aljihunsa, ta tambayi maƙwabtansa na kasuwa, har ta kai ƙararsa wurin yayansa. Bawan Allah ya gaji da rantsuwa ya ƙyale ta.

Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, likita ta ce a kawo kwalbar da yake amfani da ita. Ta ɗaga ta a haske, ta ga ruwan ya yi gudaji-gudaji.

"Inna, wannan zafi ya riga ya kashe ta. A ina kuke ajiyewa?"

Inna ta ce a wuri mai sanyi take ajiyewa, kamar yadda aka koya mata, kuma shekara shida ba ta taɓa lalacewa ba. Likita ta ce to a binciki inda aka sayo. Kwana biyu bayan haka aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ta dama, wadda yake taka keke da ita.

Washegari Inna ta je kanti da sassafe. Na'ura tana nuna huɗu, kamar kullum. Ba ta taɓa buɗe firij ɗin ba, don ba aikinta ba ne. Ranar ta buɗe.

Iska mai ɗumi ce ta bugi fuskarta, da warin kwali mai laima. Ta taɓa kwalaben, babu ɗigon sanyi a jikinsu. A ƙasa ga wata ƙaramar kula. An naɗe kan wayar da tsumma an cusa a ciki, a kan ragowar ƙanƙarar jiya. Har ledar ta gane, don ita ta ƙulle ta da hannunta.



Tana nan tsaye Ba-Komai ya shigo yana karkaɗa mukulli. Ko kunya bai ji ba. Ya ce injin ne ya yi rauni, ya faɗa wa Alhaji mai kanti, Alhaji ya ce a lallaɓa, kuma kada ya sake jin wayarsa tana damunsa. In aka bar na'urar ta yi ta kuka, duk allurar nan zubar da ita za a yi.

"Ai ba komai, Inna. Magani ba ya lalacewa da wuri haka."

"Ƙafar mijina tana ina?" in ji ta. "Ni ka aika na sayo maka abin da ka yanke ta da shi."

Ta zare wayar ta bar ta a firij, ta ɗauki kular ta fito da ita gaban kanti, ta ajiye a kan tebur a gaban masu jiran magani. Kafin ta gama yi musu bayani, na'urar da aka raba da ƙanƙara ta fara ƙara a ɗakin ajiya. Wata mata da ta zo sayen allurar ɗanta ta mayar da kwalbar ta ajiye.

Hukuma ta rufe kantin, amma wannan bai mayar da ƙafa ba. Da yamma Inna ta durƙusa a gefen gadon asibiti ta nemi gafarar mijinta kan zargin da ta yi masa. Ya ce ya yafe. Sai ya tambaye ta ko ta rufe keken da zane, kada ƙura ta shiga.

Jama'a, na'urar da ke jin zafi, ko hayaƙi, ko gas, an sa ta ne don ta faɗi abin da idonmu ba ya gani. In ta yi ƙara, a gyara abin da ya lalace. Duk wanda ya toshe mata baki don a bar shi ya huta, to ya sani da jikin wani ake biyan hutun nasa.