Wakilin da Malama Hindatu Ta Zaɓa

Malama Hindatu tana goge tagar sabon sashenta wakili na uku ya yi sallama, a lokacin har ta fara gajiya da 'yan inshora.

Benen yana bayan tashar Gaya. Da mai shi ya rasu, magada suka sayar da shi sashe-sashe, ita kuma ta kwashe kuɗin sallamarta na koyarwa kaf ta sayi na sama. Ba ta da gona, ba ta da wani gidan. Kuma da idonta ta ga gobara ta cinye shagon ƙaninta a Ajingi, aka yi masa jaje aka watse. Shi ya sa ta ce ba za ta tare ba sai ta yi wa gidan inshora.

Biyun farko daga Kano suka zo, da jakunkuna da ƙamshin turare. Duk abin da ta tambaya amsa ɗaya ce: an haɗa. Wuta an haɗa, ɓarayi an haɗa, da ta tambayi aljanu ma cewa za su yi an haɗa. Matar da ta tsufa tana kama ƙaryar 'yan firamare ba ta sha wahalar sallamar su ba.

Shi wannan, Abdulmuttalib, a ƙafa ya zo, da silifa. Bai kira ya nemi kwatance ba, kuma ya tsallake matakalar nan mai karyayyen baki ko kallon ƙasa bai yi ba. Kamfaninsu na takaful ne, wato inshorar Musulunci, wannan ya kwantar mata da hankali. Ya faɗa mata abin da suke biya da wanda ba sa biya. Ya ce kafin ta sa hannu ta je ta tambayi waɗanda kamfanin ya taɓa biya, ta kuwa je ta tambaya. Har hana ta ya yi sayen kariyar ambaliya, wai wace ambaliya ce za ta hau bene.

Abu ɗaya ya kafe a kai. Ya tsaya a ƙofar banɗaki yana harar famfo kamar sun taɓa faɗa. Ya tambaye ta ko tana da jikoki, ta ce gari guda. Ya tambaya ko takan bar famfo a buɗe idan ruwa ya ɗauke, don ta ji isowarsa. Ta yi dariya, ai kowa ma haka yake yi.

"Malama, ki ƙara kariyar maƙwabta," in ji shi. "Idan ruwa ya zuba daga wajenki ya ɓata kayan na ƙasa, kamfani ne zai biya, ba ke ba. Wanda ya zauna a nan kafin ke, rigimar ruwa ce ta tashe shi."

Abin ya burge ta ƙwarai. A wannan zamanin a samu yaro mai tunanin maƙwabtan wani! Ta sa hannu, ta sa masa albarka, ta dinga ba da labarinsa a gidajen biki.

Da ta tare, ta sauka gaishe da mutanen ƙasa. Matar gidan, Khaula, ta tarbe ta da fara'a, ta ce maigidan ya fita aiki. Hindatu ta ga an lulluɓe talabijin da kujeru da leda, ta yaba da tsaftar yarinyar.

Ranar kasuwar Ajingi ta kwashi jikoki suka tafi. Tun safe babu ruwa a famfo, aka bar shi a buɗe, babu kuma wanda ya tuna da shi. Da suka dawo bayan la'asar, ruwan ne ya fara tarbar su a matakala, yana gangarowa abinsa.

Ta haye ta rufe famfon, ta leƙa ɗakunanta, ashe ruwan duk ƙasa ya nufa. Kunya da tsoro suka kama ta: ko wata ba ta yi ba ta jiƙa wa mutane gida, ba ta kuma da abin sayarwa sai gidan nan. In kamfani ya zame, ta shiga uku.

Ta sauka ta tsaya a ƙofarsu, ta danna lambar wakilin, don ta ji matsayinta kafin ta haɗa ido da maigidan. Sai ta ji waya tana ƙara a cikin ɗakin. Aka buɗe ƙofa.

"Kada ki damu, Malama, wannan kam an haɗa," in ji Abdulmuttalib, wando a naɗe har gwiwa, bokiti a hannu, yana murmushi a ƙofar falonsa.