Ruwan Alwalar Afa Zibrim

Muniru bakaniken babur ne a Yendi, kuma duk unguwar zango an san ba ya ɗaure ko ƙusa ɗaya sai ya ambaci Afa Zibrim. Wannan Afa wani tsohon malami ne a Salaga, wanda mabiyansa suka ɗauka suka kai inda Allah bai ajiye shi ba. In babur ya zame da Muniru, ba sunan Allah ke fita daga bakinsa ba, sai dai ka ji "Afa, riƙe ni." Hoton mutumin ma a bangon gabas ya manna shi, daidai inda idonsa ke sauka in ya ta da salla.

Mai karatu, duk wannan da sauƙi a kan maganar galan. A Salaga, in Afa zai yi alwala, babban daro ake tara masa. A ciki yake kurkure baki ya tofar, a ciki yake fyace hanci, a ciki yake cuɗa tsakanin yatsun ƙafarsa. Sai ka ga dattawa masu furfura suna ture juna a kan wannan ƙazanta, kowa da galan ɗinsa. Muniru ya samo nasa tun bara ya tura ƙarƙashin gado. Ruwan ya yi kore, ya yi yauƙi, in an buɗe murfin sai ka toshe hanci. Shi kuwa cewa yake ƙamshin albarka ne. Tir, wallahi ko ba da labarin ma tayar mini da zuciya yake yi.

Matarsa Asiatu ta yi magana har bakinta ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai mai sayar da koko me ta sani game da manya.

Ana nan ciwon idon nan da ake kira apolo ya shigo gari, ya kama 'yarsu Na'imatu. Yarinya ce mai koyon ɗinki, idonta garau, har uwargidanta ba ta ba kowa aikin ado a wuyan riga sai ita. Rabin yaran shagon sun kamu, aka ɗiga musu magani, suka warke suka koma kan keken ɗinki. Asiatu ma ta sayo maganin a kemis. Muniru ya karɓe ya jefa a kwata, ya jawo galan.

"Maigida, ka ji tsoron Allah," in ji Asiatu. "Majinar mutum ce fa a cikin nan."

"Afa ne ke ba da lafiya a gidan nan," in ji shi. "Wanda ya yi shakka, shi ya sani."

Ya danne yarinyar ya ɗiga mata. Ta ce yana mata zafi kamar barkono, ya ce cutar ce ke fita. Safe da yamma haka yake yi. Idanun suka kumbura suka rufe, mugunya na bin kumatunta, ƙuda na binta duk inda ta zauna. Shi kuwa gogan sai ya tsaya gaban hoto yana godiya, wai aiki ya kama.

Ranar da Asiatu ta buɗe idon da yatsa ta ga baƙin ya koma fari, ba ta tsaya neman izini ba. Ta ja 'yarta zuwa asibitin Yendi, can aka ce su wuce wurin likitocin ido a Bawku ba tare da ɓata lokaci ba. Muniru ya biyo su yana gunaguni.

Likita ya tambayi abin da aka sa mata. Asiatu ta miƙa masa ɗan ruwan da ta zubo a kwalba. Ya buɗe, ya kawar da kai, ya mayar da murfin. Ya ce apolo kan tafi da kansa, ruwan nan ne ya cinye idon. Na dama ya tafi ke nan, na hagu kuwa sai dai ta bambance rana da duhu.

Suna fitowa baranda, sai Muniru ya tsaya cak. Ga Afa Zibrim zaune a benci cikin masu jiran layi, an rufe masa ido ɗaya da auduga, an cire masa yanar ido. A hannunsa kuma ga kwalbar maganin ɗigawa, ya riƙe ta gam. Muniru ya zube gabansa yana kuka, ya kwashe labari duka ya gaya masa.

Tsohon bai ma gane shi ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ido ba abin wasa ba ne. Me ya hana ka kawo ta asibiti da wuri? Ni da nawa ya fara hazo, nan na taho."

Na'imatu tana riƙe da mayafin uwarta, ta juya wajen da muryar ta fito.

"Baba, shi ne?" ta ce. "To tambaye shi, wa zai mayar mini da nawa?"

Muniru ya buɗe baki, ya rasa sunan da zai kira.

Jama'a, girmama malami daban, ba shi abin da yake na Allah daban, kuma wannan na biyun shi ne shirka. Wanda kake roƙo lafiya, shi ma layi yake bi yana nemanta. Ku roƙi Allah shi kaɗai, ku kai marar lafiya wurin magani.